Wankan Bayi

A gidanmu na Kano, idan aka kawo goro mai kyau, fari tas, ba tsutsa, kakata takan juya shi a tafin hannu ta ce, "Wannan kam sai ka ce na Gwanja." Ba ta taɓa zuwa Gwanja ba, amma mahaifinta bafatake ne, ya bi ayari har can, kuma da labarinsa aka rene mu. Muna yara mun san sunan Salaga kafin mu san sunan Ankara. A zuciyata birni ne mai ganuwa da ƙofofi kamar Kano, jakuna na shiga da kanwa suna fita da huhun goro.

Sai da na yi furfura na je. Na shiga Ghana ta Bawku, can kusurwar arewa maso gabas inda ƙasar ta haɗu da Togo da Burkina Faso. Gari ne na kasuwa, albasa da gero da dabbobi, Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi, kuma in ciniki ya haɗa su sau da yawa Hausa ce ke raba gardama. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya daɗe yana cin garin, mai masaukina ya ce kada magariba ta same ni a waje. Kwana ɗaya na yi na wuce. A Yendi, fadar Ya-Na sarkin Dagomba, an kai ni kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarma da suka yi shekaru suna kai hari ƙasar Gurunsi suna kama mutane. A nan ya rasu a 1907. Na tsaya na yi shiru, ban san addu'ar da ta dace ba. Da na san abin da ke gabana, da tsayuwar ta fi haka nauyi.

Daga Yendi muka bi ta Bimbila muka isa Salaga da la'asar. Babu ganuwa, babu ƙofa. Gari ne matsakaici a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ciyawa da itatuwan kaɗanya, jar ƙura, rufin kwano, babura, tulin doya a bakin hanya. Shi ne hedikwatar Gonja ta Gabas a yankin Savannah, wanda aka yanka daga tsohon yankin Arewa a 2019. Sarautar ƙasar ba a cikinsa take ba, tana Kpembe, ɗan gari kusa da shi inda Kpembewura yake zaune. Tun asali haka abin yake: Kpembe ta masu ƙasa, Salaga ta baƙi, wato Hausawa da Wangarawa da Barebari da Dagomba da Yarbawa. Zango ne da ya girma har ya shafe garin sarkinsa.

Dalilin girman nasa yana ga wurin da Allah Ya ajiye shi. Goro ɗan kurmi ne, a dazukan Asante yake fitowa, jaki kuwa ba ya jure ƙudan tsando na kurmi. Sarakunan Kumasi, waɗanda suka mallaki Gwanja tun ƙarni na 18, ba su kuma so fataken Arewa su ratsa ƙasarsu. Sai aka tsayar da mahaɗa a bakin daji. 'Yan Asante su ɗauko goro a ka su kawo, fatake su zo daga Kano da Katsina da Sakkwato, su ƙetare Kwara, su bi ta Borgu da Sansanin Mango da Yendi, da madugu da jagaba da uban dawaki, ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu. Zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari a wannan hanya suka yi arziki.

Wannan duka na san shi tun a gida. Abin da ba a gaya mini ba, wani dattijo ne ya nuna mini washegari. A masallaci muka haɗu bayan asuba. Hausarsa irin ta Ghana ce, ba ta raba namiji da mace, ya ce mini "matata ya tafi kasuwa" ko a jikinsa, ni ma ban gyara masa ba, don a bakinsa Hausar ta yi shekara fiye da ɗari tana zaune lafiya ba tare da Kano ba. Ya ce, "Malam, kai da ka zo daga gida, zo in nuna maka aikin mutanenku." Ya fara da unguwanni, Unguwar Alhaji, Unguwar Malam, Lamfor. Sa'an nan rijiyoyi. Salaga gari ne mai wahalar ruwa da rani, don haka aka huda ƙasarsa da ƙananan rijiyoyi birjik, har ake yi masa kirari da garin rijiya dubu. Wasu sun rufta, wasu har yau mata na ja.

Muka fita bayan gari zuwa wani wuri mai rijiyoyi da ramuka. Na ce, "Baba, me ake kiran nan?" Ya ce, "Wankan Bayi." Ban nemi fassara ba. A nan ake wanke waɗanda aka kamo, a shafe su da man kaɗe don jiki ya yi sheƙi, kafin a kora su kasuwa. Akwai kuma Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu kafin a sami mai saye. Sunayen nan ba da Gwanjanci suke ba, ba da Asantanci ba, ba da Turanci ba. Da harshen da uwata ta yi mini tawai aka raɗa su, kuma harshe ba ya raɗa wa wuri suna sai masu shi sun saba da wurin.

A nan na tuna da wata tsohuwa da kakata kan ambata, wadda a gidan ake ce wa Baba ta Ɗaki. Tana da tsage a fuska irin wanda ba na Kano ba, Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba, kuma ba wanda ya san danginta. Kakata takan ce, "Tare da goro aka zo da ita," mu yi dariya. Ita ce ta haifi kakata. Ashe ni jikan mai saye ne, kuma jikan wadda aka saya, kuma a gidanmu sunan ɗaya kawai aka adana da nasabarsa har kaka bakwai.

Faɗuwar Salaga ta zo da sauri. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi, mutanen Gwanja suka yi tawaye suka kashe wakilan Asante, Asante kuwa ta karkatar da goro zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya zama yaƙin basasa, aka watsa garin. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi da Ankara, inda har yau akwai kasuwar da ake kira Salaga. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zama limamin Kete-Krachi, ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami kan talauci da zuwan Nasara, ya rasu a 1934. Abin takaici, a Kano kaɗan ne suka san sunansa, alhali jami'o'in Turai sun daɗe suna nazarin rubuce-rubucensa. Daga baya goro ya koma bin teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya ɗauko shi zuwa Kano, hanyar da irin su Alhassan Ɗantata suka gane da wuri. Jaki ya rasa aiki. Tafkin Volta da aka tare a Akosombo ya zo ya yanke tsohuwar hanyar kudu, yanzu sai an jira jirgin fito a Makango kafin a ƙetara zuwa Yeji.

Mutanen garin ba su zauna makoki ba. Suna noman doya, suna kiwo, yara na zuwa makarantar allo da safe da ta boko da hantsi, ana ɗaurin aure da goro kamar ko'ina. Jikokin masu ƙasa da na fatake da na bayi sun auri juna, sahu ɗaya suke yi a masallaci, ko da yake dattijon ya rage murya ya ce in maganar aure ko limanci ta taso, akwai tsofaffin da ke tuna asalin kowa.

Kafin in tafi na sayi goro ƙwarya ɗaya a kasuwa don tsaraba. Na tambayi mai sayarwa daga ina yake, ta ce daga Kumasi mota ta kawo shi. Da na dawo Kano na kai wa gwaggona, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka ga Baba ta Ɗaki da idonsu. Na ce, "Gwaggo, mene ne sunanta na yanka, wanda iyayenta suka sa mata?" Ta daɗe tana ɓare goron. Ta ce, "Wallahi ɗan nan, ba mu taɓa tambayarta ba."