Barlin: garin da ake karanta tarihinsa kai a sunkuye



Duk wanda ya ce muku zai je Barlin, babban birnin Jamus, don ya ga inda aka yi yaƙin Hitila, ku ce masa ya tanadi takalmi mai daɗin tafiya, kuma ya riƙa duban ƙasa. Mu kwana huɗu muka yi can, kuma mafi yawan abin da ya tsaya mana a rai ba a saman gini yake ba, a ƙarƙashin ƙafa yake.

Akwai dai abubuwan da kowa ke zuwa gani. Akwai majami'ar nan ta Kaiser Wilhelm da bom ya cinye kanta a watan Nuwamba na 1943, suka bar hasumiyar a karye har yau, ga kantuna na zamani kewaye da ita. Akwai katangar da ta raba garin biyu daga 13 ga Agusta 1961 zuwa 9 ga Nuwamba 1989, mai tsawon kilomita kusan 155, inda aƙalla mutum 140 suka rasa rayukansu. Yanzu guntaye ne suka rage. A wurare da yawa layi biyu ne kawai na ƙananan duwatsu da aka shimfiɗa cikin kwalta, suna nuna inda ta bi, motoci na takawa. Checkpoint Charlie kuwa, gaskiya ba mu daɗe ba. Ya zama kasuwa, hoto da tsarabar ƴan yawon buɗe ido, shi ke nan.

Inda muka daɗe shi ne wata unguwa kusa da ƙofar Brandenburg. Nan akwai filin tunawa da Yahudawan Turai da gwamnatin Nazi ta kashe, wajen mutum miliyan shida, maza da mata da yara. An buɗe shi a 2005. Tubala ne na siminti har 2,711, babu rubutu a jikinsu, babu hoto. Daga baki kamar kaburbura ne gajeru, amma kana shiga ƙasa na gangarawa, tubalan na ƙara tsawo har su fi ka, ƙarar motoci ta ɓace, abokin tafiyarka ma ka daina ganinsa. Mun shiga muna hira, mun fito kowa bakinsa a rufe. A ƙarƙashin filin akwai ɗakuna, cikin ɗaya ana karanta sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya.

Tafiyar ƴan mintoci daga nan sai ga wani wurin ajiye motoci a gaban gidajen bene. Wallahi da ba don wani allo da aka kafa a 2006 ba, babu abin da zai sa ka tsaya. To a ƙarƙashin wannan wuri ramin Hitila yake, inda ya kashe kansa ranar 30 ga Afrilu 1945, sojojin Rasha na dab da iso shi. Da gangan suka bar shi haka, don kada masu sha'awarsa su mai da wurin abin ziyara. Mun ga hikima a nan. Wanda ya yi kisan an bar shi da tayoyin mota, waɗanda aka kashe an ba su fili a tsakiyar gari.

Amma ga abin da ya shafe mu. Ramin nan an haƙa shi ne a lambun tsohuwar fadar shugaban gwamnati, mai lamba 77 a titin Wilhelmstrasse. Kuma a cikin wannan fadar ce Bismarck ya tara ƙasashe 14, daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885, suka zauna kan Afirka, ba ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Wato taron Barlin da mushe ya koya mana a lakwal, gida ɗaya ne da inda Hitila ya ƙare. Fadar babu ita yanzu.

Bari mu ɗan tsaya nan, don ana yawan cewa a wannan taro aka ɗauki alƙalami aka ja iyakokinmu. Ba haka abin ya tafi ba. A Barlin ƙa'idar rabon aka tsara, aka kuma yi maganar zirga-zirgar jirage a kogin Kwango da namu kogin Isa. Layin da ya raba Maradi da Katsina, ya raba Konni da Illela, Faransa da Ingila ne suka ja shi tsakaninsu daga baya: a 1890 daga Sayi zuwa Barruwa bakin tafkin Chadi, suka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906. Tsakanin waɗannan shekaru ne Voulet da Chanoine suka ratso ƙasarmu a 1899, suka yi abin da suka yi a Lugu da Birnin Konni. Amma dai ƙofar a Wilhelmstrasse aka buɗe ta.

Me ke wurin yau? Allo ɗaya a bakin titi, da taswirar Afirka a jikinsa. Shi ma a 2005 aka kafa shi, kuma wata ƙungiya ce mai zaman kanta ta tsaya har aka yi. Mun tsaya gabansa kamar rabin awa, mutane na wucewa da kekunansu, ba wanda ya waiwaya. Ba muna gasar gawa ba ne da kowa, Allah ya kiyaye. Abin da aka yi wa Yahudawa ya cancanci filin da aka ba shi. Sai dai ƙasar da ta iya wannan, ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta waiwayi ɗaya laifin. Kisan da sojojinta suka yi wa Herero da Nama a Namibiya daga 1904 zuwa 1908, sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne. A unguwar Wedding, dandalin da ke ɗauke da sunan Nachtigal, wanda ya kafa tutar Jamus a Togo da Kamaru, sai a ƙarshen 2022 aka sauya masa suna zuwa Manga Bell, sunan sarkin Duwala da Jamusawa suka rataye a 1914 da na matarsa.

Rana ta ƙarshe muka tafi neman wani dutse guda. A Barlin, in kana tafiya za ka riƙa ganin ƴan farantan tagulla a gaban ƙofofin gidaje, santimita 10 kowace kusurwa, an dasa su cikin daɓen hanya. Wani mai fasaha, Gunter Demnig, shi ya faro aikin cikin shekarun 1990, yau sun haura 100,000 a faɗin Turai. Kowanne na mutum ɗaya ne: a nan wane ya zauna, ga shekarar haihuwarsa, ga lokacin da aka kama shi, ga inda ya mutu. Ba ka iya karantawa sai ka rusuna.

Wanda muke nema yana gaban gida mai lamba 193 a titin Brunnenstrasse. Sunan da ke kai Mahjub bin Adam Mohamed. An haife shi a Darussalam ta Tanzaniya a 1904, lokacin ƙasar na hannun Jamus. Babansa soja ne na Jamusawa, shi ma yana ɗan shekara goma ya bi shi cikin rundunar, aka ji masa rauni a yaƙin duniya na farko. A 1929 ya iso Barlin neman albashinsu da ba a biya ba, nasa da na babansa. Aka ce masa an rufe wannan asusu. Ku da kuka tashi gidajen tsofaffin sojan Faransa, kun san irin wannan amsa.

Bai koma gida ba. Ya yi aikin kai abinci a wani katafaren gidan shaƙatawa, ya koyar da Swahili a jami'a, ya yi aure, ya fito a finafinai sama da ashirin, galibi a matsayin baƙin mutum mai biyayya ga Bature. Har tarurrukan masu neman a maido wa Jamus ƙasashen da ta mallaka ya riƙa halarta da kakinsa na soja. Da yaƙi ya tashi a 1939 ya nemi a ɗauke shi soja, suka ƙi. Kada mu yi saurin yanke masa hukunci, jama'a. Baƙin mutum mai iyali a Barlin ta Hitila, hanyoyin neman abinci da suka rage masa ba su da yawa.

Duk wannan biyayya ba ta cece shi ba. A 1941 aka kai ƙararsa kan hulɗa da wata Bajamusa, abin da dokarsu ke kira ɓata jinsi. Ba a kai shi gaban alƙali ba, aka wuce da shi sansanin Sachsenhausen, kilomita kamar 35 arewa da Barlin, inda sama da mutum 200,000 suka ratsa tsakanin 1936 da 1945. Shekara uku ya yi a ciki. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba 1944, wata biyar kafin sojoji su buɗe sansanin.

Sai a 2007 aka dasa masa dutsen, shekara 63 bayan rasuwarsa. Da muka same shi tagullar ta yi duhu da ƙura, ɗayanmu ya durƙusa ya goge ta da hankici har rubutun ya fito, muka yi masa addu'a nan bakin titi. Albashin da ya kawo shi Barlin kuwa, har ya mutu ba a biya shi ba.