Dariyar da Muka Yi a Kwanar Dangora

 Rubutun wannan makon amsa laifi ne, domin mu muka yi abin, kuma har yau bai gama sakinmu ba.

Ƙungiyarmu ta marubuta kan zauna sau ɗaya a wata a Kwanar Dangora, saboda nan ce mahaɗa. Na Kiru da na Bebeji su taho, na Tudun Wada da Doguwa su biyo hanyar Jos su sauka a kwana. Aji guda muke ara a wata makaranta, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a yi masa gyara, a watse kafin mota ta yi wuya.

A wani zama, wata ƙanwarmu da ba ta daɗe da gama sakandare ba ta miƙe ta karanta babin farko na labarinta. Jarumar 'yar wani ƙauye ce a bakin dajin Falgore. Ɓarayi suka kore shanun mahaifinta tana ƙarama, ta girma ta shiga sojan sama, ta zama matuƙiyar jirgin yaƙi. Ba ta kai ƙarshen shafi na biyu ba aji ya ɓarke da dariya. Wani ya ce, "Ƙanwata, wannan ai fim ɗin Indiya ne." Mu da ke jan ragamar zaman muka gyara murya muka ce, "Ki riƙa rubuta abin da mai karatu zai yarda da shi. Ki mayar da ita malamar asibiti, matuƙin jirgin ya zama saurayinta." Ta ce, "To Yaya," ta naɗe takardunta ta zauna. Zama biyu aka yi bayan nan ba ta zo ba.

Ku lura da wani abu. A littattafan da muke turawa a WhatsApp da Wattpad, sau nawa jarumi yake zama Kaftin, ɗan shekara ashirin da biyar, mai jirage uku na kansa da gidaje a Dubai? Ba mu taɓa jin wanda ya yi wa wannan dariya ba. Da aka ce mace ce a kan kujerar sai muka tuna da hankalin mai karatu.

Wata rana da daddare saƙonta ya shigo mana. Ba sallama, ba gaisuwa. Hoto ne kawai na wata matashiya cikin kakin tuƙi a gaban jirgi mai saukar ungulu, a ƙasa ta rubuta suna: Tolulope Arotile. Mun san sunan. Mun ga labarin mutuwarta lokacin da ya faru, muka ce Allah Ya kyauta, muka wuce. A daren nan ne muka zauna muka karanta ko wace ce.

A Kaduna aka haife ta a 1995, iyayenta 'yan jihar Kogi ne. A makarantun sojin sama na Kaduna ta yi firamare da sakandare, ta shiga NDA a 2012, ta karanta lissafi, ta fito hafsa a 2017. Ta yi horon tuƙi a Afirka ta Kudu, ranar 15 ga Oktoba, 2019 aka maƙala mata fuka-fukai a ƙirji, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ke tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Ba ado aka ajiye ta ba. Ta tashi jirgi a farmakin da aka sa wa suna Gama Aiki, wanda aka kai wa 'yan bindigar daji a jihar Neja, irin mutanen da ƙanwarmu ta sa suka kore shanun uban jarumarta. Ranar 14 ga Yuli, 2020, mota ta buge ta a cikin sansanin sojin sama na Kaduna, ta rasu tana da shekara 24. Harsashin daji bai same ta ba, ajali ya same ta a bakin titin gida.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A ranar da aka maƙala mata fuka-fukai aka maƙala wa Kafayat Sanni, wadda ta yi horo a Amurka, mace ta farko da ke tuƙa jirgin yaƙi mai fiffike a ƙasar nan. Kafin su akwai Blessing Liman 'yar Zangon Kataf, wadda ta fara buɗe ƙofar a 2012. A Nijar kuwa, a 2015 Laftana Ouma Laouali, wato Umma Lawali da bakinmu, ta zama mace ta farko matuƙiya a sojan ƙasar. Da ƙaramin jirgin sintiri ta fara, daga baya ta koyi tuƙa babban jirgin dakon soja C-130. Wani abin kunyar ma shi ne inda muke zaune. Titin da ya ratsa Kwanar Dangora, in ka yi arewa Kano ce, akwai makarantar tuƙi ta sojin sama. In ka yi kudu ga kwalejin sufurin jiragen sama ta Zariya tun 1964, gaba kuma ga makarantar sojin sama ta Kaduna. A tsakiyar makarantun tuƙi uku muka zauna muna ce wa yarinya abin ba zai yiwu ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da muka ƙara tonawa sai muka ga tarihin ya girmi iyayenmu. A Oktoban 1941, Jamus na dosar Mosko, wata shahararriyar matuƙiya mai suna Marina Raskova ta samu izinin kafa rundunonin sama uku na mata a Tarayyar Sobiyet. Wadda ta fi suna ita ce ta 588, masu kai hari da dare. Jirginsu Po-2 na katako da yadi ne, asalinsa na koyon tuƙi da feshin gona, samansa a buɗe cikin sanyin Rasha. Ba ya ɗaukar bam da yawa, don haka sai su tafi su sauke su dawo a sake ɗora musu, sau da dama a dare guda. In sun kusa sansanin abokan gaba sai su rage inji su sulalo, ba a jin komai sai shuu ɗin iska a jikin fiffike. Jamusawa suka sa musu suna Mayun Dare. Sun tashi fiye da sau 23,000 kafin yaƙin ya ƙare a 1945, kuma sai a 1944 suka fara ɗaukar laimar dira. Yawancinsu sa'o'inmu ne ko ƙasa da mu. Lydia Litvyak, wadda ta yi fice a kakkaɓo jiragen Jamus, shekararta 21 lokacin da aka harbo nata a 1943. Amurka da muke gani a fim sai 1993 ta bar mata suka hau jiragen yaƙi.

Abin da ya fi taɓa mu a matsayinmu na marubuta shi ne abin da ya biyo baya. Da yawa daga matan da suka yi wannan yaƙi sun koma gida sun ɓoye lambobinsu saboda bakin mutane, don kada a ce 'yar bariki ce, aure ya gagara. Sai da wata marubuciya 'yar Belarus, Svetlana Alexievich, ta bi ɗaruruwansu gida gida da na'urar naɗar murya kafin duniya ta ji daga bakinsu. Littafin ya fito a 1985, ita kuma ta samu kyautar Nobel a 2015. Da irinmu ta fara kai wa shawara, da mun ce ta rubuta abin da mai karatu zai yarda da shi.

Amma kada mu tsallake daga dariya mu faɗa kirari. Jirgin yaƙi kisa yake yi, ko mace ce a ciki ko namiji. Sabiha Gökçen ta Turkiyya, wadda ake kira mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi, har filin jirgi aka sa wa sunanta a Santambul. A 1937 tana cikin waɗanda suka yi ruwan bam a yankin Dersim na Kurdawa, kuma jikokin mutanen wurin ba jaruma suke kiranta ba. Mu ma nan mun san Rann a jihar Borno, inda jirgin soja ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Janairun 2017. Mun san Tudun Biri a jihar Kaduna, inda jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Maulidi a Disambar 2023. Duk wanda zai ɗora jaruma a jirgi ta koma dajin garinsu, dole ya san cewa a ƙarƙashin bishiyoyin nan akwai ɓarawo, akwai kuma makiyayi da mai itace da yaron da aka aika kiwo. Wannan ne gyaran da ya kamata mu yi wa ƙanwarmu tun ranar: me jarumarki za ta ji in ta leƙo ta gane rugar da ta sha nono tana yarinya? A nan labarin yake, mu kuwa ko kusa da shi ba mu bari ta kai ba.

Ranar wata Asabar muka hau mota zuwa Tudun Wada, muka yi sallama da mahaifinta, aka kira ta zaure. Muka ce mun zo ba da haƙuri. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai Yaya. Ai na riga na mayar da ita malamar asibiti kamar yadda kuka ce, har na kai babi na shida." Wannan maganar ta fi zagi ciwo. Muka tambaya ko na farkon yana nan. Ta ce sai ta duba, tana jin ƙannenta sun yage wasu shafuka.

Shafi huɗu ta samo cikin tara. Ta ce za ta sake rubuta sauran, muka bar mata sunayen nan da muka lissafa muku ta je ta bincika da kanta. Ko za ta zo zama na gaba, ba ta yi mana alkawari ba.

'Yan uwa masu yi wa na baya gyara, kafin mu ce wa yaro abu ba zai yiwu ba, mu fara dubawa ko ya riga ya faru. Allah Ya yafe mana kurakuranmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.