Titin da aka yi wa rufi da siminti

Kalmar "bulbar" da muke ji kullum a Yamai ba asalin Faransanci ba ce. Daga yaren mutanen Holan ta fito, kuma ma'anarta ta farko ganuwa. Da aka rushe ganuwar Paris wajejen 1670 aka shuka itatuwa a gurbinta, sai sunan ya bi titin. Wannan ya sa nake bin labarin irin waɗannan tituna, kuma wanda ya fi tsaya mani a rai shi ne na Claiborne, a birnin Niyu Oliyans na Amurka.

Titi ne mai faɗi, ya ratsa Tremé, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin baƙar fata na ƙasar. A tsakiyarsa akwai fili mai ciyawa da ɗaruruwan itatuwa jere, irin waɗanda ake kira "shen" da Faransanci, masu inuwa kamar gamji. Mutanen birnin suna da nasu suna ga irin wannan fili, wanda za mu iya fassarawa "filin ba-ruwanmu". An ce sunan ya samo asali daga titin Canal, iyakar masu jin Faransanci da Amurkawan da suka zo daga baya.

A zamanin wariyar launin fata, baƙi ba ya da daraja a manyan kantunan tsakiyar gari. Sai Claiborne ya zama kasuwarsu: farmasi, gidan silima, kamfanin inshora, masu shirya jana'iza, duk nasu. Ranar bikin Mardi Gras kuwa nan suke taruwa da kiɗansu.

A 1956 aka yi dokar manyan hanyoyi, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin 100 na kuɗin aiki. Wane gari zai ƙi? A 1966 aka shiga cire itatuwan, a 1968 aka buɗe hanyar I-10, tana tafe a sama bisa ginshiƙai, daidai kan filin nan. Butikoki suka dinga rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Ga abin da ke ci mani rai. A lokacin an shirya wata hanyar da za ta bi bakin kogi ta gaban tsohuwar unguwar Faransawa. Masu hali da lauyoyi suka tashi tsaye, a 1969 aka soke ta. Wato an san hanya na kashe unguwa, an san sarai. Wanda ke da bakin magana a ofis ne ya tsira.

Ni ban ce kar a yi gada ba. Duk wanda ya san cunkoson Yamai kafin eshanjar Mali Bero ta 2013 ba zai faɗi haka ba. Amma in na ji ana cewa "an gyara titi", sai in tambaya: don mai wucewa ko don mai zama?

Yau mutanen Tremé ba su cika cewa Claiborne ba in suna nufin wurin, sai "ƙarƙashin gada". A 2002 masu zane suka zana itatuwa jikin ginshiƙan. Masu busa da ganguna har yanzu nan suke tsayawa, don siminti na maido da sauti da ƙarfi. Fadar shugaban Amurka ta ambaci hanyar a 2021 a matsayin misalin ɓarnar da ya kamata a gyara, amma motoci na nan na bi ta sama.