Saki Ba Ya Raba Uwa Da 'Ya'yanta

'Yar'uwa, a ƙauyenmu da an saki mace sai dangin miji su karɓe yaran da aka yaye, wai ɗa na uba ne. Haka aka yi wa yayata, ta haɗiye baƙin ciki tana zaton hukuncin addini ne, alhali al'ada ce. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, riƙo na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwa ta sake aure, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta. Ci, sutura da magani kuwa suna wuyan uba. In ya ƙi, akwai alƙali. Ki je, 'yar'uwa, neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne.