Labarin ɓeraye da mahaifiyar ɗalibina

Ina koyar da ilimin halittu a wani lise a Damagaram. Wata ranar Laraba bayan an tashi, wani ɗalibina na ajin ƙarshe ya tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse, sannan ya miƙo mini wayarsa. Saƙo ne da ke yawo a WhatsApp, wai masana sun gano makunnin ciwon daji a jikin ɓeraye, kuma magani na nan tafe.

"Mushe, gaskiya ne?"

Na ce masa ya zauna. Sai ya faɗa mini an ga ƙullutu a nonon mahaifiyarsa, likita ya tura su Yamai, amma kawunsa ya ce a dakata tukuna. Tafiya da tsada, aiki da ban tsoro, ga sabon magani ana jira.

Ban iya ce masa ƙarya ce ba, domin akwai gaskiya a ciki. Na ɗauki alli, na yi masa bayani da abin da ya sani. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da littafi iri ɗaya, wato ADN. Amma ta fata ba ta karanta shafukan da ta hanta take karantawa. Akwai wasu sinadarai, anzim, da ke liƙa alama a kan shafi don a rufe shi, wasu kuma su cire alamar. Rubutun bai sauya ba, abin da ake karantawa ne ya sauya. Wannan fanni shi ake kira efijenetik. A ciwon daji, sau da yawa akan rufe shafukan da ke hana ƙwayoyin hayayyafa barkatai. Shi ya sa masana suka yi tunanin cewa in aka riƙe hannun anzim mai liƙa alamar, wataƙila shafukan su sake buɗewa.

Sun gwada. A 1995, a ɗakin binciken Rudolf Jaenisch a Amurka, Peter Laird da abokan aikinsa suka ɗauki ɓerayen da suka gaji yawan tsiro a hanji. Suka rage ƙarfin wani anzim mai suna DNMT1 ta hanyar gado, suka haɗa da magani kowane mako. Ɓerayen da ba a taɓa ba, kowane ya fitar da tsiro kusan 113. Waɗanda aka yi wa aikin, 2 kacal. Na ga fuskar yaron ta washe.

Na ce, ɗana, saurari sauran. A 2003, wannan ɗakin binciken ya sake fitar da wani sakamako. Sun rage anzim ɗin nan har ya koma kashi 10 cikin 100 na yadda ya saba. Ɓerayen suka zo duniya ƙanana, kuma tsakanin wata 4 zuwa 8 suka kamu da wani mugun ciwon daji na ƙwayoyin garkuwar jiki. Anzim ɗaya ne, gida ɗaya ne, amma abin da ya kare hanji shi ya buɗe wa cuta ƙofa a wani wuri. Wanne daga cikin biyun ne zai shiga saƙon WhatsApp?

Kuma ko hanya ta ɓulle, tana da tsawo. Maganin azasitidin, wanda ke hana irin wannan anzim aiki, an haɗa shi a 1964 a birnin Farag. Sai a 1980 Peter Jones da Shirley Taylor suka nuna yadda yake hana liƙa alamar a ADN. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da shi ba sai 2004, shi ma don wata cutar ɓargo da jini, ba don ciwon nono ba. Shekara 40 ke nan. Ƙullutun da ke jikin mahaifiyarsa ba zai jira ko 2 ba.

Da yamma na bi shi gida. Na gaida kawun, muka zauna a tabarma, na maimaita masa abin da na faɗa. Bai yi gardama ba, ya dai ce kuɗin mota da na masauki ne damuwarsa. A nan na gane labarin ɓerayen inuwa ce kawai da ya samu ya fake. Muka koma lissafin wanda zai iya ba da nawa, da ɗan'uwan da za a sauka wurinsa a Yamai. Bayan kwana 9 suka tafi.

Tun daga ranar na ƙara abu ɗaya a darasina. In ɗalibi ya kawo labarin sabon magani, tambayoyi 3 nake sa ajin ya yi: a kan wa aka gwada, ɓera ko mutum? Wane irin ciwon daji, tun da ba iri ɗaya ba ne? An amince a ba marasa lafiya, ko har yanzu ana ɗakin bincike? Ƴan'uwana malamai, wannan bai fi minti 10 ba. Iyaye kuma, ku yi wa saƙon waɗannan tambayoyi kafin ku tura wa mai jinya.

Yaron ya dawo aji bayan mako 2. Mahaifiyarsa tana can ana yi mata magani. Ya ce in gaida ƴan ajin da suka tara masa kuɗin mota, na ce ya tashi ya gaishe su da kansa.