Hoton zalɓe a bakin tabki

Tabkin Madarunfa yana kudu da Maraɗi. Idan damina ta wuce, ruwa ya fara ja da baya, tsuntsaye masu dogayen ƙafafu sukan taru a bakinsa. Akwai zalɓe, akwai balbela, akwai jinjimi. Suna takawa cikin ruwa maras zurfi, suna neman kifi da kwaɗi. Waɗansu zalɓen daga Turai suke zuwa, su ƙetare Sahara, su yi lokacin ɗari a nan.

Mai ɗaukar hoto yana son zalɓe ya fito babba a hotonsa. Amma zalɓe ba ya yarda da mutum. In an matsa kusa da shi, sai ya miƙe wuya, ya tashi, ya bar kifin da ya daɗe yana fako. Tsuntsun da ya sha doguwar tafiya yana bukatar abinci da hutu. Saboda haka mai hoto na kirki ba ya korar tsuntsu don hoto. Yakan zo da sassafe, ya zauna nesa, ya ba rana baya, ya yi shiru. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

To, amma hoton nesa yana da tasa matsala. Zalɓe ya fito ɗan ƙarami a tsakiya. Sararin sama ya cinye rabin hoto. A gefe ga gindin saniya, ga reshen ƙaya. Ido ya rasa inda zai tsaya. Maganin wannan shi ne datse gefen hoto. A da, da almakashi ake yi, ko a ɗakin wanke hoto. Yanzu da yatsa ake yi a kan salula.

Datsa tana da ƙa'ida. Mai hoto yakan raba hoton da layi biyu a tsaye da layi biyu a kwance, ya samu gida 9. Sai ya sa kan zalɓe kusa da inda layi biyu suka gamu. Yakan bar fili a gaban bakinsa, wajen da yake dubawa, don kada ya zama kamar an tsare shi da bango. Ba ya yanke masa ƙafafu, domin su ne ke nuna irin rayuwarsa. In inuwarsa ta fito cikin ruwa, ya bar ta duka. Yakan kuma daidaita bakin ruwa, kada tabki ya karkace kamar zai zube.

Datsa kuma tana da iyaka. Hoton salula ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera. A ce hoto yana da ɗigo 4.000 a tsawo, 3.000 a faɗi: duka miliyan 12 ke nan. In an yanke rabin tsawo da rabin faɗi, saura 2.000 sau 1.500, wato miliyan 3. Kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai ya rage. In aka ci gaba da yanka, gashin tsuntsu ya dushe, idonsa ya zama tabo.

Wani abin kuma ya fi wannan nauyi. Wata rana zalɓe yana tsaye kusa da baƙar leda da iska ta kawo bakin ruwa. In an yanke ledar, hoto ya yi kyau. In an bar ta, masu kallo su ga dattin da ke shiga wurin kiwon tsuntsaye. A nan mai hoto yakan tsaya ya tambayi kansa abin da yake so ya nuna wa mutane. In kyan zalɓe ne, ya yanke. In halin da tabki yake ciki ne, ya bari.

Aiki: a yanka kwali biyu, kowane da kusurwa irin ta littafi. A aza su kan hoton tsohuwar jarida, a riƙa matsa su har a samu wurin da ya fi kyau. Kowane ɗalibi ya faɗi abin da ya rufe, da dalilinsa.