Abin da Yayata Ta Ɓoye Wata Takwas

Wata takwas yayata tana jin ƙulli a nononta na hagu, ba ta faɗa wa kowa ba. Ni na gane, ranar da muke sussukar dawa a gidanmu na Zuru, na ga ta kāsa ɗaga taɓarya. Da na matsa mata, sai ta ce, "Ƙanwata, in na je asibiti za su yanke shi. Da wane ido maigida zai dube ni?"

Muka tafi Sakkwato. Likita ya ce ciwon daji ne, dole a cire nonon. Amma ya ƙara da wata magana wadda ban taɓa ji ba. Ya ce ana iya gina wani nono da naman jikin mace kanta.

Ga yadda ya bayyana mana. Hanya ɗaya, a ɗebo fata da tsoka daga gadon baya, a biyo da su ta ƙarƙashin hammata zuwa ƙirji, jijiyoyin jininsu suna nan haɗe. Wani likitan Italiya, Tansini, ya fara wannan fiye da shekara 100 da suka wuce. Hanya ta biyu, a ɗebo fata da kitse daga ƙasan cibiya, kamar yadda Likita Hartrampf na Amurka ya nuna a 1982. Yanzu har akan bar tsokar ciki a wurinta, a ɗinke ƙananan jijiyoyin jini da taimakon madubin ƙara girma.

Bai ɓoye mana kome ba. Aikin yana cin awoyi da yawa, da kuɗi kuma. Tabo yakan rage. Sabon nonon ba ya ba da ruwa, ba ya jin taɓi kamar na dā, ba shi kuma ke warkar da ciwon ba. Amma ana iya yinsa ko bayan shekaru.

Wannan ya kwantar wa Yaya rai, ta yarda aka cire. Maigidanta ya kwana bakwai a barandar asibiti, matan zumunta kuwa suka riƙe yara. Har yau ba ta yanke shawara a kan ginin ba. Takan ce sanin akwai hanya ya ishe ta tukuna.

'Yar'uwa, in kin ji ƙulli, kada ki jira wata takwas. Maigida, kai ma ka fara buɗe baki, ka ce, "Tashi mu je."